Haruffa Biyu Da Suka Ci Motar Alhaji

Ran nan da la'asar sakaliya ina zaune a ƙofar gida ina sauraron rediyo, sai jikata, wadda ke shirin jarrabawar fita sakandare, ta zo ta durƙusa a gefen tabarmata riƙe da littafin nan na tambayoyin shekarun baya. Ta ce, "Kaka, don Allah ku raba ni da mutanen nan. Sun rubuta jimla sun bar gurbi, wai in zaɓi ɗaya tsakanin 'by Friday' da 'on Friday' da 'until Friday'. To, ba duk Juma'ar ce ba?" Na kashe rediyo, na ce, "Amarya, gyara zama. Tambayar nan da kika yi, sai da aka yi asarar mota sukutum kafin in san amsarta, kuma motar ba tawa ba ce."

Labarin da na ba ta shi ne na ga ya kamata in kawo wa masu karatu, domin na tabbata har yanzu akwai ɗalibai da akawuna da 'yan kasuwa masu yawa da ke bin hanyar da na taka ƙaya a kanta.

Cikin shekarar 1977 na gama sakandare a Arewa, na sauka Ikko neman aiki, kamar yadda samari da yawa suka yi a wancan zamani na kuɗin mai. Masaukina Agege ne, gidan wani dattijo aminin mahaifina, babban maigida a harkar goro, wanda za mu kira Alhaji kawai, Allah ya jiƙansa. Wanda ya san Agege ta wancan lokaci ya san gari ne na goro. Fatake sukan zo daga Kano da Sakkwato da Barno su sauka a gidajen masu masauki, a sayo musu goro daga ƙauyukan Yarabawa da kasuwar Shagamu, a zauna a tsince shi, a ɗaure huhu, sa'an nan a yi Arewa da shi a jirgin ƙasa ko a mota. Alhaji ya yi karatun allo, ya yi na zaure mai zurfi, yana lissafin dubbai da ka ba kuskure, yana kuma jin Yarabanci kamar a Ibadan aka haife shi. Abu ɗaya ne ba ya yi, watau karatun boko. Saboda haka da na zo sai na zama idonsa a kan kowace takarda ta Turanci, har ya laƙaba mini suna Akawu. Ni kuwa kaina ya kumbura, domin na ci Turanci da kyau a jarrabawa, ina ganin ko Sarauniyar Ingila ce ta rubuto wasiƙa ba abin da zai gagare ni.

Alhaji ya daɗe yana son ya mallaki babbar mota tasa ta kansa, domin ya huta da masu haya, waɗanda sukan ɗaga kuɗi daidai lokacin da goro ya fi bukatar tafiya. Goro kuwa ba ya jira. In huhu ya sha zafi ko sankara ta shige shi, riba ta tafi har da uwar kuɗi. A zamanin nan kuɗi sun yi yawa a hannun mutane, sababbin motoci kuwa sun yi kaɗan, sai mutum ya ba da kafin alƙalami a rubuta sunansa a layi, ya yi ta jira wata da watanni. Haka Alhaji ya yi a wani kamfani da ke Apapa.

A farkon watan Yuni na 1978 wasiƙa ta iso, mai ɗauke da kwanan wata 5. Abin da ke cikinta gajere ne: mota ta iso, sai a biya cikon kuɗi "by Friday, 30th June", in ba haka ba a ba na bayansa a layi. Na karanta sau ɗaya, na ninke, na ce, "Baba, albishirinku. Mota ta iso. Sun ce ranar Juma'a, talatin ga wata, za ku je ku biya cikon kuɗin." Alhaji ya yi hamdala, sa'an nan ya ce, "Akawu, kuɗin nan tun watan jiya suke kwance a akwati. Me zai hana mu je gobe mu biya mu huta?" Har yau in na tuna amsar da na ba shi sai in ji kunya ta rufe ni. Na ce, "Ranku ya daɗe, ai masu aikin ofis mutanen ƙa'ida ne. Ranar da suka sa ita ce rana. In muka je kafin nan, koro mu za su yi." Ya ce, "To, kai ka san takardarka."

Ba da gangan na ɓatar da shi ba. Duk katin biki ko na taro da na taɓa gani a ƙasar nan cewa yake za a fara "by 4 p.m.", wani ma har ya ƙara da "prompt", kuma kowa ya san nufinsa da ƙarfe huɗu. A bakin malamaina ma haka na ji ta. A kunnena dai "by" da "at" da "on" Ɗanjuma ne da Ɗanjummai.

Ranar talatin ga wata muka tashi da hantsi a motar wani maƙwabci, kuɗi na cikin jaka a kan cinyar Alhaji. Wanda ya san Ikko ya san ruwan watan Yuni. Tun kafin mu kai Oshodi sama ta ɓalle, hanya ta zama kogi, gosulo ya kafu ba gaba ba baya. Motarmu ta sha ruwa ta mutu, muka fito muna turi, ni da direba, Alhaji na rungume da jaka. Sa'ad da muka isa ƙofar kamfanin ƙarfe huɗu ta gota, kashiya ya daɗe da rufe tagarsa, maigadi ya ce sai Litinin. Litinin kuwa uku ga watan Yuli ce.

Da muka koma ranar Litinin aka kai mu gaban wani dattijon akawu Bayarabe mai farin gashi. Bai yi mana tsawa ba. Ya ce motar an ba na bayanmu tun da safe, ba kuwa yadda zai yi. Na ɗauko wasiƙa ina ta zuba Turanci, ina cewa ranar da suka sa muka zo, ruwa ne ya tsare mu. Ya karɓi takardar, ya ɗauki jan biro ya ja layi a ƙarƙashin kalmar "by", ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Ɗana, wa ya ce maka ranar muka sa? Wannan kalma iyaka take nunawa. Kwana ashirin da biyar muka ba ku. Da kun zo ranar shida ga wata, da yanzu motarku tana Kano." Ya juya ya maimaita wa Alhaji da Yarabanci, don haka ban sami ko damar gyara zancen a fassara ba.

A hanyarmu ta komowa Alhaji bai ce uffan ba har muka wuce Mushin. Can sai ya ce, "Akawu, kalmar nan da ya ja wa layi, haruffa nawa ce?" Na ce, "Biyu, Baba." Ya kaɗa kai ya ce, "Ikon Allah. Harafi ɗaya ya ci kan mota, ɗaya ya ci bodi." Iyakar faɗan da ya yi mini ke nan, amma da dukana ya yi da ya fi mini sauƙi. Kakar goron shekarar da motocin haya ya yi ta, bai sami tasa ba sai cikin 1979, bayan kuɗinta ya tashi.

Wannan abu shi ya kai ni aikin malanta. Na koma makaranta, na fito na koyar da Turanci shekara talatin da biyar, kuma a cikin shekarun nan ban ga abin da ya fi wahalar da ɗalibi Bahaushe kamar waɗannan 'yan ƙananan kalmomi da Turawa ke kira "preposition" ba. Ɗalibi yakan haddace kalma mai gaɓa biyar ya rubuta ta daidai, ya zo kan "in" da "on" ya faɗi warwas. Ɗan hakin da ka raina, in ji Hausawa, shi ke tsone maka ido.

Na daɗe ina neman dalili, ga kuma abin da na gano. Mu Hausawa da jikinmu muke auna wuri. Daga kai muka sami "kan", daga ciki "cikin", daga baya "bayan", daga gaba "gaban", daga baki "bakin", daga gindi "gindin". In ka ce tulu na gindin bishiya, ko yaro na bakin rijiya, ko ɗan yaye ya ga hoton abin a zuciyarsa. Sa'an nan muna da 'yar kalmar nan "a", wadda take kamar motar kasuwa, kowa ta samu ɗauka take yi: a Kano, a kasuwa, a ƙofa, a bango, a watan Yuni, a 1960. To, wannan "a" ɗin tamu ita Turawa suka yanka uku, suka ce "at" da "on" da "in". Bahaushe in ya zo zaɓe sai ya rasa madafa, domin ana neman ya bambanta abin da harshensa bai taɓa neman ya bambanta ba.

Dabarar da nakan ba ɗalibai ita ce su ɗauki "at" kamar ɗigo, "on" kamar shimfiɗa, "in" kuwa kamar rumbu. Ɗigo wuri ne ƙayyadadde ko sa'a ƙayyadaddiya, shi ya sa ake cewa "at the gate" da "at three o'clock". Shimfiɗa abin da ake ɗora abu a kai ne, rana guda ma haka suka ɗauke ta: "on the table", "on Friday", "on 1st October 1960". Rumbu kuwa shi ne mai kewaye abu, ɗaki ne ko gari ko wata ko shekara: "in the room", "in Kano", "in October", "in 1960". Wannan dabara tana kai mutum nesa, amma ba ta kai shi gida. Mu da safe da dare duk "da" muke sa musu, su kuwa sai su ce "in the morning" amma "at night", in kuma aka ambaci sunan ranar sai a koma "on Friday morning". Haka nan mutum yana "in the car" amma yana "on the bus" ko "on the train". Bayanin da aka saba bayarwa shi ne, abin hawan da za ka iya miƙewa ka taka a cikinsa shi ke ɗaukar "on". Wata rana ina cikin wannan bayani wani yaro ɗan direba ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, to yaron mota da ke zaune a kan lodi fa?" Na ce masa wannan shi kaɗai ne Turancinsa da Hausarsa suka yi daidai.

Amma inda abin ya fi ba ni sha'awa shi ne wurin aikatau. Bature yakan ce "throw the ball to him", yakan kuma ce "throw the stone at him". Na farko wasa ne, na biyu kuwa sai a gaban alƙali. Shekara da shekaru ina fama da yara a kan wannan, sai wata rana na rubuta a allo: "jefa masa" da "jefe shi". Nan take aji ya ɗauka, ba wanda ya sake kuskure. Ashe bambancin nan muna da shi, sai dai ba a wuri ɗaya muka ajiye shi da su ba. Mu a jikin aikatau muke sa shi. Dubi "saya" da "sayo" da "sayar" da "saye", ko "fita" da "fito", ko "aika" da "aiko": wasali ɗaya a ƙarshe ya gaya maka ko abin nan tahowa yake ko tafiya, ko an ƙarar da shi ko da saura. Bature ya bar aikatau yadda yake, ya rataya masa 'yar kalma a baya ta yi wannan aiki. Shi ya sa "look at" duba ne, "look for" nema, "look after" kula, "look into" bincike, alhali mu kalmomi huɗu ne da ba su haɗa dangi ba. "Hear from" saƙon mutum ne ya zo maka, "hear of" kuwa labarinsa kawai ka ji. Wanda ya "die of" abu cuta ce ta kashe shi, wanda ya "die for" abu kuwa ransa ya ba da dominsa. Tun daga ranar na daina ce wa yara su fassara 'yar kalmar ita kaɗai, na ce su haddace ta tare da aikatau ɗinta kamar yadda ake sayen akuya da igiyarta.

Alhaji ne ma ya fara nuna mini wannan hanya, ban dai gane ba sai daga baya. Bayan ƙura ta lafa, wani dare muna hira na yi masa bayanin kuskurena dalla-dalla. Ya yi murmushi ya ce, "Ashe Nasara ma suna da haruffan jarra." Ya ce duk wanda ya zauna gaban malamin nahawu ya san "da'a lahu" addu'ar alheri ce aka yi wa mutum, "da'a alaihi" kuwa mugun baki ne aka yi masa, "ragiba fihi" ya yi kwaɗayin abu, "ragiba anhu" ya juya masa baya. Aikatau ɗaya, harafi ya sauya, ma'ana ta kifa. Washegari ya ba ni kuɗi ya ce in je in sayo littafin da ya fi kowane bayanin irin waɗannan haruffa. Na sayo ƙamus ɗin nan na A. S. Hornby da ɗaliban Turanci suka sani. Shi Hornby malami ne da ya koyar da Turanci a ƙasar Japan, a can ya lura cewa baƙon harshe ba ma'anar kalma kaɗai yake bukata ba, har da sanin wace kalma ce ke bin wace. An fara buga ƙamus ɗin a Tokyo a 1942, sa'an nan maɗaba'ar Jami'ar Oxford ta fitar da shi a 1948. Nawa kwafin har yanzu yana nan, bangonsa ya rabu, na ɗinke shi da zaren lilo.

Mai karatu zai iya tambaya, me ya sa Turanci ya dogara da waɗannan kalmomi haka? Shekara dubu da suka wuce ba haka yake ba. Turancin wancan zamani yana sauya ƙarshen suna domin ya nuna wanda ya yi aiki da wanda aka yi wa da wanda ya mallaka, kusan yadda wasalin ƙarshe ke sauyawa a Larabci. Sannu a hankali waɗannan ƙarshe suka zube, musamman cikin ƙarnonin da suka biyo bayan 1066, shekarar da Normawa daga Faransa suka ci Ingila da yaƙi. Da suka zube sai nauyin ya koma kan jerin kalmomi da kuma waɗannan 'yan ƙananan. Aikin ya yi musu yawa, kowace ta ɗauki kaya iri iri. Ita "by" ɗin da ta kashe ni, tana nufin kusa da abu, tana nufin wanda ya aikata, tana nufin abin hawa, tana kuma nufin iyakar lokaci. Ba kuwa wani sarki ko majalisa da ta zauna ta raba musu aikin. Al'ada ce ta raba, al'ada kuwa ba ta ba da dalili.

Bari in koma kan tambayar jikata. "On Friday" ranar Juma'a ce ita kanta, ba Alhamis ba, ba Asabar ba. "By Friday" shi ne abin da Bahaushe ke cewa "nan da Juma'a": ko yau ka yi ya yi, ko gobe, amma kada Juma'a ta wuce. "Until Friday" kuwa abu ne da ke gudana bai yanke ba har Juma'a. Ka biya "by", ka jira "until". Haka kuma "for two weeks" tsawon mako biyu ne, "in two weeks" bayan mako biyu, "within two weeks" kafin mako biyu su cika. Wanda likita ya rubuta masa ya sha magani "for five days" ya kuma dawo "in five days" abu biyu aka gaya masa. Lauyoyi kuwa da wannan suke cin abinci: tsarin mulkin ƙasar nan ya ce ƙarar zaɓe a shigar da ita "within 21 days" bayan ranar da aka bayyana sakamako, wanda ya makara da yini ɗaya ko da gaskiyarsa ta kai dutsen Dala ba mai sauraronsa. Akwai kuma "on time" da "in time". Na farko a kan ƙa'idar lokaci, na biyu kafin dama ta kuɓuce. Mu dai a Apapa ba mu sami ko ɗaya ba.

Kada mu ga kamar mu kaɗai ne a wahale. Na taɓa zama da wani Bature mai koyon Hausa, na ga yadda "har" da "sai" suka hana shi barci. "Zan zauna har Juma'a" da "ba zan zo ba sai Juma'a", duka biyu "until" ce a wurinsa. Aro da rance ma ya kasa raba su, ya ce in ba shi aron gishiri. Na ce in ya yi alkawarin dawo mini da shi bayan ya sha miyar, to.

Wani lokaci abin yakan wuce asarar mota. Ranar 27 ga Maris 1977, a filin jirgin sama na tsibirin Tenerife da ke ƙarƙashin Sifen, manyan jirage biyu ƙirar Boeing 747, na kamfanin KLM da na Pan Am, suka yi karo a kan titin tashi cikin hazo, mutum 583 suka mutu. Har yau ba a yi haɗarin jirgin sama da ya ci rayuka kamarsa ba. Dalilan suna da yawa, akwai hazo, akwai gaggawa, akwai muryoyi biyu da suka haɗu a rediyo suka toshe juna. Amma cikin abubuwan da masu bincike suka tsaya a kai akwai maganar da mataimakin matuƙin KLM ya yi wa hasumiya, cewa suna "at takeoff". Shi yana nufin sun fara tashi, mai hasumiya kuwa ya ɗauka suna tsaye a wurin tashi suna jiran izini. Bayan wannan haɗari aka tsaurara ƙa'idar maganar matuƙa, har aka hana furta kalmar "takeoff" sai lokacin ba da izinin tashi ko soke shi.

Sai dai kuma, tun da na tona asirin ƙuruciyata, bari in tona na malantata. Tsoron da na kwaso daga Apapa ya sa na zama mai tsanani fiye da kima, na riƙa kafa wa yara dokokin da su masu harshen ba su bi ba. Na koyar da cewa "between" ta abu biyu ce kurum, in sun wuce biyu sai "among". Samuel Johnson ya kawo wannan bambanci a ƙamus ɗinsa na 1755, amma shi kansa ya yarda ba kullum ake kiyaye shi ba, kuma babban ƙamus na Oxford ya nuna tun farkon harshen ana amfani da "between" ga abin da ya fi biyu. Nijeriya tana "between" Nijar da Chadi da Kamaru da Binin, domin kowace an ambace ta da sunanta. "Among" ta taro ce da ba a rarrabe ba, kamar a ce a cikin jama'a. Na kuma hana yara ƙare jimla da irin waɗannan kalmomi, alhali dokar nan an fi danganta ta da wani mawaƙi, John Dryden, wanda a 1672 ya soki Ben Jonson a kan haka, yana auna Turanci da ma'aunin Latin. Na sha jan biro a kan "on the weekend" ina gyarawa zuwa "at the weekend", ban san cewa na farkon shi ne daidai a Amurka ba, na biyun a Ingila. Har "till" na riƙa kashewa ina cewa guntun "until" ce ta malalata, ashe ita ce ma ta girme ta. Yaran da na rage wa maki a kan waɗannan, waɗansunsu yanzu sun yi furfura, in sun karanta wannan su yafe mini.

To, ina matsayin Turancinmu na gida? A ganina ba abin kunya ba ne. Harshe in ya yi shekara ɗari a ƙasa dole ya sha ruwanta. A watan Janairu na 2020 babban ƙamus na Oxford ya shigar da kalmomi 29 na Turancin Nijeriya, cikinsu har da "okada" da "danfo" da "Kannywood". In masinja ya ce mini maigidansa ba ya "on seat", na fahimce shi, ba kuwa wanda ya yi asara. Wanda ya ce "discuss about" ko "congratulate for" zai rasa maki a jarrabawa, don haka ɗalibi ya kiyaye, amma ma'ana ba ta ɓata ba. Wanda ya ɗauko "aure da" ya ce "married with" maimakon "married to" dariya kawai za a yi masa, domin a wurinsu abin da ke bin "married with" yawan 'ya'ya ne. Duk waɗannan ina iya kau da kai. Amma "by" mai nufin "at" ban yafe mata ba, ba kuwa zan yafe ba, domin ita takan sa mutum biyu su karanta takarda ɗaya kowa ya tashi da ranarsa daban, kuma kullum wanda ba shi ya rubuta takardar ba shi ke kwana a ciki. Shi ya sa duk wanda ya kawo mini takardar yarjejeniya in duba masa, nakan ce a rubuta "on or before", ko da an ce tsawo ya yi yawa. Alhaji ma, har ya bar duniya, in wasiƙa ta zo ba ya tambayar daga ina take, sai ya ce, "Akawu, duba mini, akwai 'bai' a ciki?"

Da na kai nan jikata ta duba jimlar da ke littafinta. Cewa aka yi dole ɗalibai su miƙa takardunsu, sai gurbi, sai Juma'a, in ba haka ba a ƙi karɓa. Ta cike da "by", ta duba bayan littafi ta ga ta dace. Har ta miƙe za ta shiga gida sai ta dawo ta miƙo mini wayarta, ta nuna mini katin ɗaurin auren ɗan ƙanena da aka turo, an rubuta za a yi walima "by 2 p.m." Ta ce, "To, Kaka, wannan ƙarfe nawa za mu tafi?" Na ce ƙarfe ɗaya za mu bar gida. Uwarta, da ke jinmu daga tsakar gida, ta ce, "Baba, in kun je a lokacin sai ku taya su jera kujeru."